Inshorar Lafiyar Wanda Aka Sallama Daga Aiki a Amurka

A Amurka, ranar da aka sallami ma'aikaci yakan rasa albashi da inshorar lafiyar iyalinsa gaba ɗaya. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya haifi wannan ƙulli. A 1942 gwamnati ta taka wa kamfanoni burki kan ƙarin albashi don kada farashin kaya ya tashi, ga kuma ƙarancin ma'aikata saboda maza suna fagen daga. Sai kamfanoni suka koma zawarcin ma'aikata da inshorar lafiya, tunda ba a lissafa ta cikin albashi. Shugaba Truman ya nemi a kafa inshora ta ƙasa baki ɗaya a 1945, ƙungiyar likitocin ƙasar ta yi masa ca, maganar ta bi ruwa. A 1954 dokar haraji ta yafe haraji kan abin da kamfani ke biya wa ma'aikaci na inshora, tsarin ya zauna daram.

Sai a 1986 aka waiwayi wanda aikin ya suɓuce masa, lokacin da Shugaba Reagan ya sa hannu kan dokar da ake kira COBRA. Ta ce kamfanin da ke da ma'aikata 20 ko fiye dole ne ya bar wanda ya bar aiki ya ci gaba da inshorarsa har wata 18, sai fa idan wani babban laifi ne ya sa aka kore shi. Matar da aka saka ko wadda mijinta ya rasu tana iya kaiwa wata 36. Amma da sauran rina a kaba: mutum zai biya kuɗin duka, nasa da wanda kamfani ke biya a da, har da ƙarin kashi 2 cikin 100 na ɗawainiya. Wato an ba shi haƙƙi a daidai lokacin da aljihunsa ya bushe. Idan kuma kamfanin ya durƙushe ya rufe inshorar tasa, babu ma abin da za a ci gaba da shi.

Majalisa ta san da wannan giɓi, kuma ta nuna ta sani. A 2009, da tattalin arziki ya karye, dokar farfaɗo da shi da Shugaba Obama ya sa wa hannu ta ɗauki nauyin kashi 65 cikin 100 na kuɗin, da farko na wata 9, daga baya aka kai shi 15. Sharuɗɗan cancanta su ne abin dubawa: sai wanda aka sallama ba da son ransa ba, daga 1 ga Satumba 2008, kuma ba shi da damar shiga wata inshorar wurin aiki, ko da ta matarsa ce. An rufe ƙofar a ƙarshen Mayu 2010. A 2021, lokacin annobar korona, gwamnati ta biya duka kuɗin daga Afrilu zuwa Satumba, sannan ta janye hannu. Wanda aka sallama a Yuni 2010 bai fi na watan Mayu ƙarfi ba, kalanda ce kawai ta raba su.

Masu kare wannan tsari suna cewa tallafi na dindindin zai cinye baitulmali, ya kuma sa mutane sanyin jiki wajen neman aiki. Maganar kuɗi abin ji ce, sai dai yafe harajin nan na 1954 shi ma tallafi ne, kuma masu aiki ne ke cin moriyarsa kowace shekara ba tare da an tambayi cancantarsu ba. Batun sanyin jiki kuwa, inshora ba ta biyan kuɗin haya. Hujjarsu da ta fi ƙarfi ita ce dokar lafiya ta 2010, wadda tun 2014 ta ba wanda ya rasa aiki kwana 60 ya sayi inshora da rangwame gwargwadon samunsa. Hakan ya rage raɗaɗi ƙwarai, amma mai ciwon daji da ke tsakiyar jinya yana iya rasa likitansa idan ya sauya inshora. Irin wannan majinyaci ya cancanci tallafin COBRA ko ƙasa tana cikin rikici ko ba ta ciki.