Daga Benci Zuwa Uwar Garke: Yadda Nisa Ya Shiga Wasan Gem

Gwanin gidan gem a Dutse, ko Ringim, ko Garki, wanda ba a iya tayar da shi daga benci tun la'asar har isha'i, yakan sha kashi a makonsa na farko na yin wasa ta intanet. Yakan ɗora laifin a kan yatsunsa, ko ya ce abokin karawar maguɗi yake yi. Sau da yawa ba ko ɗaya ba ne. Ƙwarewar da ya tara an gina ta ne a wani zamani da tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa babu komai sai gajeriyar waya, yanzu kuwa tsakaninsu akwai teku.

Tarihin ya faro ne daga Japan da Amurka. A 1993 kamfanin Electronic Arts ya fitar da FIFA International Soccer. A Disamban 1994 Sony ya fitar da PlayStation, a 1995 kuma Konami ya kawo Winning Eleven, wanda daga 2001 Turai ta san shi da Pro Evolution Soccer. Jihar Jigawa kanta sabuwa ce a lokacin, domin a ranar 27 ga Agusta, 1991 aka yanke ta daga Kano. Na'urorin sun iso Arewa ne ta hannun 'yan kasuwa, akasarinsu gwanjo, da fayafayan kwafi. Da yawa cikin fayafayan rubutunsu da sharhinsu duk Japananci ne, yara suka haddace wurin da kowane umarni yake ba tare da sun karanta harafi ɗaya ba. Sun kuma tarar da nasu a ciki: Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, ɗan wasan Ajax da ya ci zinare da Najeriya a Atlanta a 1996, ya zama abin labari a Winning Eleven saboda gudun da aka ba shi. Har a Asiya da Kudancin Amurka akwai waɗanda ta cikin wasan suka fara jin sunansa.

Gidan gem ya samar da tsarinsa na gasa. Talabijin, benci, janareta a bakin ƙofa don idan an ɗauke wuta, sai doka ɗaya da kowa ya sani: wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya ci gaba da zama. Wannan doka makaranta ce mai tsanani. Mai ƙaramin kuɗi dole ya koyi kallo kafin ya karɓi wasa, ya gane ta wane gefe gwani ke son bi, ya lura da lokacin da yake tsorata. Ana karanta abokin karawa da ido, ana jin numfashinsa. Abu mafi muhimmanci kuma, su biyun na'ura ɗaya suke umarta, don haka adalcin lokaci tabbatacce ne.

Intanet ta zo a hankali. Layukan GSM sun fara aiki a Najeriya a 2001, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka yi sammako, domin a zamanin Gwamna Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, an kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure tare da shirin intanet na Galaxy. Amma intanet ɗin da ke isar da wasiƙa daban take da wadda ke ɗaukar wasa. Babban sauyi ya zo a 2010, lokacin da kebul ɗin MainOne na Funke Opeke, mai tsawon kimanin kilomita 7,000, ya haɗa Fotugal da Legas ta ƙarƙashin teku. Glo-1 ya fara aiki a shekarar, Equiano na Google ya sauka Legas a 2022, Starlink kuma ya buɗe a Najeriya a Janairun 2023.

Lissafin da sabon ɗan wasa ya kamata ya sani ba shi da wuya. Haske a cikin kebul yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Idan uwar garken da ke shirya wasan tana Turai, umarnin da aka danna a Dutse zai yi tafiyar da ta kai kilomita dubu zuwa Legas, ya bi teku, ya isa, sannan amsa ta dawo ta hanyar. Kilomita 16,000 na zuwa da dawowa sun cinye milisakan 80, wato kashi 80 cikin dubu na daƙiƙa, tun kafin a ƙara jinkirin eriya da cunkoson layi. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa yana sauya hoto duk bayan kimanin milisakan 17. Mai jinkirin milisakan 100 yana ganin abin da ya wuce da hoto shida, yana kai tarye inda ƙwallo ta riga ta bari.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a wasan besbol, wanda ake jefa ƙwallo a doke ta da gora, abin so a Amurka da Japan. Konami ɗin nan ya fara jerin wasanninsa na Powerful Pro a 1994, Sony kuma yana fitar da MLB The Show tun 2006. Tsakanin mai jifa da mai duka akwai mita 18.44, ƙwallo mai gudun kilomita 150 a awa tana cinye su cikin kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa. Jinkirin milisakan 100 ya ɗauke rubu'in lokacin da mai duka ke da shi don yanke shawara. Shi ya sa shawarar farko da ake ba sabon shiga a can ita ce haƙuri: ya ƙyale jifan da ya kauce, ya zaɓi wuri ɗaya ya jira, ya lura da ɗabi'ar mai jifa maimakon ya dogara da saurin idonsa. Besbol ba wasan Jigawa ba ne, amma darasinsa ya zauna daram a kan ƙwallon ƙafa. Mai wasa daga nesa ya saki ƙwallo da wuri, ya rage yanka, ya tsare gida da tsayuwa a gurbi, kada ya riƙa zubewa a ƙafar mai ƙwallo. Ya duba alamar ƙarfin layi kafin ya karɓi wasa, ya jona na'urarsa da waya idan da hali, ya guji sa'o'in farkon dare da kowa ke kan layi. A nan tsohon ɗalibin benci yana da gado mai amfani, domin karanta ɗabi'ar mutum ba ya buƙatar layi mai sauri.

Sauyi na biyu na kuɗi ne, kuma shi ya fi cancantar hankalin iyaye. A 2009 EA ya shigo da Ultimate Team, inda ake haɗa ƙungiya da katunan 'yan wasa, ana sayen ƙunshin kati ba tare da an san abin da ke ciki ba. MLB The Show yana da makamancinsa, Diamond Dynasty. A 2021 Konami ya mayar da PES eFootball, kyauta a waya da na'ura, ribar tana fitowa daga sayayyar cikin wasa, a 2023 kuma FIFA ta EA ta koma EA Sports FC. A gidan gem Barcelona ɗin kowa ɗaya ce, a intanet ƙungiyar mai kuɗi takan fi ta talaka tun kafin a busa usur. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin wannan ƙunshin sa'a caca ne, kuma a Janairun 2019 EA ya daina sayar da kuɗin wasansa a ƙasar. Abin mamaki ne cewa al'ummar da ta san hukuncin caca tun daga makarantar allo ba ta cika tattauna wannan ba, wataƙila don abin ya zo da rigar wasan yara. Sabon shiga ba shi da dalilin sayen komai a watanninsa na farko: tsarin rukuni-rukuni zai haɗa shi da tsararrakinsa, kuma kati mai tsada ba ya rage milisakan ko ɗaya.

Gasar duniya ta FIFA a wannan fanni ta fara a 2004, a 2018 kuma Mosaad Aldossary na Saudiyya ya lashe ta a Landan. Irin waɗannan wasannin ƙarshe a zaure ɗaya ake yin su, 'yan wasa suna zaune kusa da juna, na'urorinsu a haɗe da gajerun wayoyi. Zagayen share fage kuwa, wanda ta cikinsa ake samun kujera a zauren, galibi ta intanet ake buga shi, kowa daga garinsu.