Ranar da Allah Ya Amsa wa Habakuk da Babila

Karatu: Habakuk 1–3, 2 Sarakuna 23:29–25:30

Tambayar da ke damunmu idan aka kashe marar laifi, mugu kuwa yana ta bunƙasa, ba a zamaninmu ta fara ba. Annabi Habakuk ya yi wa Allah ita a ƙasar Yahuza shekara 2,600 da suka wuce. Sai mun san halin da ƙasarsa take ciki za mu gane nauyin amsar da ya samu.

A shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu (K.H.), Babilawa da Mediyawa suka ci Nineba, babban birnin Assuriya. Yahuza ta ɗan sami sararin numfashi a hannun Sarki Yosiya, wanda ya gyara Haikali ya kuma kawar da gumaka. Amma a 609 K.H. Yosiya ya fita ya tare Fir'auna Neko na Masar a Magiddo, aka kashe shi yana da shekara 39. Sarkin da ya juyo da jama'a ga Ubangiji shi ne ya mutu da ƙuruciya.

Neko ya ɗora wa ƙasar tarar talanti 100 na azurfa da talanti ɗaya na zinariya, ya naɗa Yehoyakim sarki. Yehoyakim ya tatso kuɗin daga jikin jama'a. Littafin Irmiya ya nuna cewa ya gina wa kansa fada bai biya ma'aikata ladansu ba, ya kashe annabi Uriya, ya kuma yayyanka littafin saƙon Irmiya ya ƙone. Yawancin masana suna ganin a kwanakin nan ne Habakuk ya kai kukansa: shari'a ta mutu, zalunci ya cika gari, Allah kuwa shiru.

Allah ya amsa, amma ba yadda annabin ya so ba. Ya ce yana ta da Kaldiyawa, wato Babilawa, su hukunta Yahuza. Habakuk ya sake tambaya: ta yaya Allah mai tsarki zai sa mugu ya haɗiye wanda ya fi shi adalci? Bai juya baya ba. Ya tsaya kamar mai gadi a kan hasumiya yana jiran amsa.

Abin da aka faɗa ya cika. A 605 K.H. Nebukadnezzar ya ci Masar da yaƙi a Karkemish. A 597 K.H. ya kewaye Urushalima, ya kwashe Sarki Yehoyakin, saurayi ɗan shekara 18, da mutum 10,000 zuwa Babila, har da Ezekiyel. Su kansu Babilawa sun rubuta wannan nasara a kan allon yumɓu da ke ajiye yau a gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Bayan haka Sarki Zedekiya ya tayar, aka kewaye birnin kusan shekara ɗaya da rabi har abinci ya ƙare. A 586 K.H. garu ya fashe. Aka yanka 'ya'yan Zedekiya a gabansa a Ribla, aka ƙwaƙule masa idanu, aka cinna wa Haikalin Sulemanu wuta.

Mu lura da waɗanda suka sha wuyar. Yehoyakim, wanda ya jawo fitinar, ya mutu kafin birnin ya faɗi. Littafin Makoki kuwa yana maganar jarirai da ke suma da yunwa a titi. Irmiya, da ya yi shekara 40 yana gargaɗi, an yi masa duka, an jefa shi cikin rijiya mai laka, a ƙarshe aka tafi da shi Masar ba da sonsa ba. Hukuncin ya zo wa al'umma saboda zunubinta, amma ba kowane mai wahala ne ya girbi abin da ya shuka ba. Wannan ya isa ya hana mu gaya wa gwauruwa ko maraya cewa zunubinsu ne ya jawo musu.

Babila ma ba ta tsira ba. A sura ta 2 Allah ya furta kaito sau biyar a kan mai kwasar ganima da mai gina birni da jini. Sanda ce a hannun Allah, amma muguntarta tata ce, ita za ta amsa. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. A 539 K.H. Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, ya ba Yahudawa izinin komawa gida, aka kammala sabon Haikali wajen 515 K.H.

Sai dai tsakanin ƙona Haikali da faɗuwar Babila akwai shekara 47. Da yawa sun mutu a bauta ba su ga sakayya ba. Da me suka rayu? Amsar tana cikin Habakuk 2:4, inda aka nuna cewa bangaskiya ce za ta riƙe ran mai adalci. Irmiya ya nuna ta a aikace: ana cikin kewaye birnin, shi kuma yana tsare, ya sayi gona a Anatot da shekel 17 na azurfa, domin Allah ya ce za a sāke sayen gonaki a ƙasar. Manzo Bulus ya ɗauko wannan aya a Romawa 1:17 da Galatiyawa 3:11, ya nuna mana Almasihu. A gicciye ne aka yi wa marar zunubi mafi munin rashin adalci, a nan ne kuma Allah ya cika shirinsa na ceto, ba tare da ya kira mugunta nagarta ba (Ayyukan Manzanni 2:23).

Wasu cikinmu sun ga an ƙone majami'arsu, wasu sun binne iyaye da abokai, waɗanda suka aikata kuma ba a hukunta su ba. Tarihin Habakuk bai yi mana alkawarin ganin sakayya gobe ba. Ya ba mu izinin kai ƙara gaban Allah da hawaye, ya hana mu ɗaukar fansa, ya kuma tuna mana cewa Allahn da ya tuhumi Babila ya fara tuhumar Yehoyakim a cikin gida. Don haka mu biya mai aiki ladansa, mu tsaya wa wanda aka zalunta. Habakuk ya rufe littafinsa da waƙar yabo tun kafin ya ga sauƙi, yana jiran ranar da gona ba amfani, garke ba dabba.

Mu yi addu'a: Ya Uba, kai ne mai mulki bisa sarakuna. Ka ji kukan masu makoki a cikinmu, ka riƙe bangaskiyarmu har ranar da za ka yi shari'ar gaskiya. Cikin sunan Yesu, amin.