Madugu a cikin waya: tarihin jagorancin sababbin shiga a wasannin intanet

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke ƙaramar hukumar Tarauni, matasan Gyadi-Gyadi da Darmanawa da Unguwa Uku sukan tambayi ko waya za ta ɗauki gem tun kafin su tambayi kyawun kyamararta. Tambayar tana da nauyi, domin yawancin wasannin da ake yi yanzu na haɗin gwiwa ne. Wanda wayarsa ke sanƙarewa a tsakiyar faɗa yakan jawo wa abokan tafiyarsa faɗuwa, daga nan kuma sai a daina gayyatarsa. Yadda jagora zai yi da irin wannan mutum, sabon shiga ko mai ƙarancin kayan aiki, matsala ce da ta shafe fiye da shekara 25 tana wahalar da masu wasa da kamfanonin da ke ƙera wasannin.

Asalin abin yana cikin wasannin kwamfuta. A watan Maris na 1999 aka fitar da EverQuest a Amurka, wasan da dubban mutane ke shiga duniya ɗaya a lokaci guda. A cikinsa akwai dodanni irin su Lord Nagafen da Lady Vox, waɗanda mutum ɗaya ba ya iya kayar da su, sai an yi musu taron dangi. Wannan gangami shi ne samame. Aiki a cikinsa kashi uku ne: mai garkuwa da ke jan hankalin dodo yana shan duka, masu magani da ke warkar da shi, da maharba da ke rage wa dodon ƙarfi. Idan ɗaya ya yi sake, kowa ya mutu, a koma farko.

Rigimar farko ta ganima ce. Mutum talatin ko arba'in su kwana suna faɗa, dodo ya bar 'yan kayayyaki ƙalilan. Wa za a bai wa? Wata ƙungiyar 'yan wasa mai suna Afterlife ta fito da tsarin maki da ake kira DKP a 1999: duk wanda ya halarci samame yana tara maki, da su yake sayen ganima. Tsarin ya rage husuma, amma ya sa sabon shiga a ƙarshen layi, alhali shi ne ya fi kowa buƙatar sulke.

World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a Nuwamban 2004, ya faɗaɗa lamarin. Samamensa na Molten Core na mutum 40 ne, kuma dodon ƙarshe, Ragnaros, yana buƙatar a tanadi sulken da ke jure wuta. Tara mutum 40 a dare ɗaya, kowane mako, ya koya wa jagorori cewa mutane suna gajiya, suna yin aure, suna samun aiki su tafi. Ƙungiyar da ba ta rainon sababbi takan wayi gari ba ta da adadin da za ta shiga fage. A 2007, da aka rage yawan mutane zuwa 25 da 10, an gindaya sharuɗɗan shiga manyan samame, har sai ƙungiya ta koma tsofaffin fagage domin ta cika wa sabon mutum sharaɗi. Manyan ƙungiyoyi suka ga ya fi sauƙi su zawarci waɗanda ƙananan ƙungiyoyi suka riga suka raina. Kafin shekarar ta ƙare Blizzard ya soke wasu daga cikin sharuɗɗan.

Daga nan sai zamanin awo. Wajen 2009 wata ƙaramar manhaja mai suna GearScore ta bazu, tana tattara darajar kayan yaƙin ɗan wasa ta mayar da ita lamba ɗaya. Jagorori suka riƙa sanya lambar da sai an kai ta za a ɗauki mutum, wani lokaci lambar da ba a samunta sai da kayan da ke cikin samamen da ake neman shiga. Lambar ba ta nuna ko mutum yana sauraron umarni ko yana kauce wa wuta. A Nuwamban 2011 Blizzard ya kawo Raid Finder, tsarin da ke haɗa baƙi 25 da kansa ya ba su samame mai sauƙi. Mutane da yawa sun ga fagagen da a da sai dai su ji labari, amma babu mai koya musu komai, kuma da an gama kowa ya watse.

Wata hanyar daga 'yan wasa ta fito. Wasan Destiny na kamfanin Bungie ya zo a 2014 da samamen mutum shida mai suna Vault of Glass, ba tare da tsarin haɗa baƙi ba. Sai wasu ƙwararru suka ɗauki nauyin raka sababbi kyauta, aka laƙaba musu sunan Sherpa, wato mutanen Nefal da suka shahara wajen jagorantar masu hawan tsaunin Everest. Shi kuma Final Fantasy XIV yana sa alamar tsiro kusa da sunan sabon ɗan wasa, yana kuma ƙara wa dukan tawaga lada idan akwai wanda karonsa na farko ke nan a wannan fage. Sabon shiga ya zama abin da ake maraba da shi saboda an sauya lissafin riba.

Wannan al'ada ta waya ta iso wa yawancin matasan Kano. Layukan GSM sun fara aiki a Najeriya a 2001, kuma sai da wayoyin Android suka yi araha wasan haɗin gwiwa ya zama ruwan dare. Free Fire na 2017, PUBG Mobile na 2018 da Call of Duty: Mobile na 2019 sun fi karkata ga tawagar mutum huɗu ko biyar masu faɗa da wasu 'yan wasa. Wanda ya fi kusa da samamen asali shi ne Clash of Clans na kamfanin Supercell na ƙasar Finlan. A watan Mayun 2022 ya kawo samamen ƙarshen mako, daga Juma'a zuwa Litinin, inda kowa ke da hari biyar da ƙarin ɗaya, kuma dakarun da ake amfani da su na ƙungiya ne baki ɗaya. Ƙaramin ɗan wasa yana shiga da runduna irin ta babba.

A nan Kano kuwa, kayan yaƙi sun haɗa da abin da ke wajen allo: ƙarfin waya, data, caji da sabis. Faɗuwar darajar naira tun Yunin 2023 ta tsadar da wayoyi, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Jagoran da ya ce sai mai babbar waya zai ɗauka, aljihun mutane yake aunawa.

Kanawa sun daɗe da sanin wannan matsala a wani fagen. A ƙarni na 19 fataken goro suna tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya ƙiyasta mutanensa sun kai 1,000. A cikin ayari akwai attajirai masu dabbobi da yawa, akwai mai jaki ɗaya, akwai yaran da ke koyon fatauci. Jagaba ke gaba yana duba hanya da zango, madugu uban tafiya kuma yakan kasance a baya, inda masu rauni suke. Yana da dalili: yawan jama'a ne ke tsorata 'yan fashi, kuma yaron da ya kora jaki bana shi ne falken da zai cika ayari nan da shekara goma.

Abin da tarihin samame ya tabbatar bai yi nisa da wannan ba. Jagoran da ya daɗe yana bayyana dabarar faɗa kafin a fara, yana bai wa sabo aiki ɗaya da zai iya, yana sa shi kusa da ƙwararre, yana gyara masa kuskure a keɓe, yana kuma ware masa rabo a ganima domin ya fi amfani a mako mai zuwa. Idan wayar wani ba ta da ƙarfi, sai a ba shi matsayin da jinkirin daƙiƙa ɗaya ba zai kashe kowa ba. Za a fi faɗuwa a daren farko. Amma ranar da gwanin tawaga ya tafi bautar ƙasa ko ya sayar da wayarsa, wanda aka yi haƙuri da shi ne zai riƙe garkuwa.