Allurar Matan Kosika: Tarihin Neman Dalilin Ƙaiƙayi, Daga Hannun Mutum Zuwa Kunnen Kyanwa

Wata uku cur kyanwar gidanmu ta yi tana susa. Da dare sai ka ji ƙafarta ta baya tana bugun tabarma, da safe kuma a tarar da gashi a inda ta kwana. Bayan wuyanta ya yi ƙuraje ƙanana kamar tsabar gero, cikinta kuwa ta lashe shi har fata ta bayyana. Na duba jikinta ban ga komai ba. Masu ba da shawara dai ba su yi ƙaranci ba. Maƙwabciyarmu ta ce jininta ne ya ɓaci, wani ya ce a shafa mata baƙin mai, wani kuma ya ce a ɗiga mata fiya-fiya a huta. Abin da ya fi damuna shi ne 'yar ƙanwata, mai shekara huɗu, ba ta rabuwa da ita.

Tambayar da muka tsaya a kanta, wato me ke jawo ƙaiƙayin da ba a ganin dalilinsa, tsohuwar tambaya ce. Likitocin duniya sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ba ta amsar da ba daidai ba, alhali amsar gaskiya tana hannun matan karkara.

Lokacin da laifin na jini ne

Tun zamanin Girkawa, ilimin likitanci ya ginu a kan cewa jikin mutum yana ɗauke da ruwaye huɗu: jini, majina, ruwan matsarmama mai rawaya da kuma baƙi. Lafiya ita ce daidaituwarsu, cuta kuwa rinjayen ɗaya a kan saura. A wannan fahimta, ƙazwa alama ce ta gurɓataccen ruwa da jiki ke ƙoƙarin turowa waje ta fata. Maganinta shi ne a fitar da jini, a sha abin wanke ciki, a canja abinci. Wasu likitocin ma suna gargaɗin cewa warkar da ƙurajen daga waje haɗari ne, domin za a mayar da dattin ciki ya kama huhu ko ƙwaƙwalwa.

Ba a rasa masu kaifin ido ba. A ƙarni na 12, likitan Andalus Ibn Zuhr, mutumin Ishbiliya, ya yi bayanin wani ɗan ƙwaro da ke zama ƙarƙashin fata, wanda ido ke iya gani da ƙyar idan an ɓare wurin. Sai dai shi da waɗanda suka biyo bayansa sun ɗauki ƙwaron a matsayin abin da ruɓaɓɓen ruwan jiki ya haifar, kamar yadda aka yi imani nama ne ke haifar da tsutsa. An ga ɓarawon a cikin gida, aka ɗauke shi ɗan gida.

Wasiƙar Liborno

A watan Yuli na 1687, wani matashin likita a garin Liborno na Italiya, Giovan Cosimo Bonomo, ya aika wa malaminsa Francesco Redi wasiƙa. Shi da abokin aikinsa Diacinto Cestoni, mai haɗa magunguna, sun lura da yadda matan talakawa ke sa tsinin allura su zaƙulo wani abu daga fatar 'ya'yansu, su murƙushe shi a farce. Sun ga bayin da ke tuƙa jiragen ruwa ma suna yi wa juna haka. Maimakon su yi dariya, sai suka ɗauki abin suka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Suka ga wata halitta fari-fari mai kama da ɗan kunkuru, mai ƙafafu, tana motsi. Har ma an ga ta saki ƙwai a daidai lokacin da ake zana ta.

Daga wannan ƙwai Bonomo ya gina hujjarsa. Abin da ke yin ƙwai yana da iyaye, saboda haka daga wani jikin ya zo. Shi ya sa ƙazwa ke bin mutanen da ke kwana tare. Maganin sha ba shi da amfani, abin da ake bukata shi ne na shafawa, irin su farar wuta, kuma a maimaita har ƙwan da suka rage su ƙyanƙyashe a kashe su. Masana tarihin likitanci da yawa suna ɗaukar wannan wasiƙa a matsayin karo na farko da aka ɗora alhakin wata cutar ɗan Adam a kan wata ƙaramar halitta takamaimiya.

Ba a karɓe ta ba. Giovanni Maria Lancisi, likitan Fafaroma, ya yarda akwai ƙwaron amma ya dage cewa asalin cutar a jini take. Maganar manya ta rinjayi ta matashi. Har a 1828, Samuel Hahnemann na Jamus ya wallafa cewa kashi bakwai cikin takwas na cututtukan da ke daɗewa a jiki sun samo asali ne daga ƙaiƙayin da aka danne ya koma ciki.

Shekaru ashirin na neman ƙwaro a wurin da ba ya nan

A asibitin Saint-Louis da ke Paris, cibiyar cututtukan fata ta Faransa, maganar ta zama abin kunya. A 1812 wani mai suna Galès ya yi shelar ya gano ƙwaron, ya fitar da zanensa, ya samu yabo. Wasu suka gwada suka kasa. A 1829 François-Vincent Raspail ya nuna cewa abin da ke cikin zanen ƙwaron cuku ne. Likita Lugol ya sa kyautar kuɗi ga duk wanda zai nuna masa na gaskiya, kuma likitoci da dama suka yanke cewa ƙwaron ƙazwa tatsuniya ce.

Ranar 13 ga Agusta, 1834, wani ɗalibin likitanci daga tsibirin Kosika, Simon François Renucci, ya tsaya a gaban malaminsa Alibert da taron likitoci. Ya kama hannun wata mara lafiya, ya sa allura, ya fito da ƙwaron. Dabarar a wurin matan ƙauyen tsibirinsu ya koya. Manyan likitoci sun yi shekaru suna fasa ƙurjin mai ruwa suna dubawa, alhali macen ƙwaron tana haƙa siririn rami ne a saman fata, ta zauna a can ƙarshensa, nesa kaɗan da ƙurjin. Gani ya kori ji. Bayan shekara goma, Ferdinand von Hebra na Biyena ya rufe muhawarar da gwaje-gwajensa.

Kyanwa ta shigo layi a ƙarshe

Likitancin dabbobi bai fara da kyanwa ba. Makarantar farko, wadda Claude Bourgelat ya kafa a Liyon a 1761, dawaki da dabbobin gona ne damuwarta, domin su ne dukiya kuma su ne ƙarfin soja. A wajen tumaki ma masu kula da dabbobi sun riga likitocin Paris: tun 1809 Walz na Jamus ya danganta cutar fatar tumaki da ƙwaro.

A 1835 aka yi wa ƙumar kyanwa bayani na kimiyya, wadda a yau ake kira *Ctenocephalides felis*. A 1838 kuma Eduard Hering, malamin likitancin dabbobi a Stuttgart, ya bayyana ƙwari biyu. Na farko, *Notoedres cati*, ɗan'uwan ƙwaron ƙazwar mutum ne. Yakan fara daga gefen kunne, ya bazu zuwa fuska da wuya, ya bar ɓawo mai kauri. Na biyu, *Otodectes cynotis*, cikin kunne yake zama, kuma shi ke kawo baƙin datti mai kama da garin shayi da yawan girgiza kai. A cikin shekarun nan ne kuma Schönlein da Gruby suka nuna cewa wasu cututtukan fatar kai, dangin makero, tsiro ne irin na funfuna. Daga baya aka gane cewa ɗaya daga cikinsu, *Microsporum canis*, ya fi zama a jikin kyanwa duk da sunan kare da yake ɗauke da shi, kuma yana tsallakawa zuwa yara cikin sauƙi.

Ƙwaro kaɗan, ƙaiƙayi mai yawa

Saura tambaya ɗaya: ta yaya abin da bai kai rabin milimita ba zai hana babban mutum barci? An samu amsar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Shafil ta Ingila, masanin ƙwari Kenneth Mellanby ya yi aiki da mutanen da suka ƙi shiga soja saboda aƙida, suka yarda a sa musu ƙazwa da gangan. Ya gano cewa yawancin masu cutar ba sa ɗauke da manyan matan ƙwaron fiye da goma sha kaɗan a duk jikinsu. Ya kuma gano cewa wanda ya kamu karon farko yakan yi kusan wata guda bai ji komai ba, amma wanda ya taɓa kamuwa yana fara susa cikin kwana ɗaya. Ma'ana, garkuwar jiki ce ke tayar da ƙaiƙayin bayan ta koyi sanin baƙon. Tsoffin likitoci sun yi kuskure a kan tushen cutar, amma zatonsu cewa jiki na da hannu a ciki bai faɗi ƙasa banza ba.

Wannan shi ne mabuɗin matsalar kyanwa. Idan jikinta ya zama ba ya jituwa da yawun ƙuma, cizo kaɗan ya isa ya hana ta sukuni. Ita kuma gwana ce wajen lasa, tana haɗiye ƙumar kafin mai gida ya gani. Binciken Michael Dryden a Amurka a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna babbar ƙuma ba ta barin jikin dabbar, kuma macenta na iya yin ƙwai arba'in zuwa hamsin a rana. Ƙwan ne ke zubewa a shimfiɗa da tsagar daɓe, inda mafi yawan zuriyar ke jira. Don haka rashin ganin ƙuma a jiki ba shaida ba ce cewa babu ita.

Ko a zamanin nan, al'adar ɗora laifi a kan abin da ba a gani ba ta mutu ba, ta dai canja suna. An daɗe ana cewa kyanwar da ke lashe gashin cikinta damuwa ce ke damunta. A 2006 wasu likitocin dabbobi a Kanada suka sake bincikar kyanwoyi 21 da aka yi wa wannan hukunci. Goma sha shida suna da cutar jiki da ke jawo musu ƙaiƙayi, mafi yawa rashin jituwa da abinci. Uku suna da matsalolin biyu a haɗe. Biyu kacal ne damuwa kaɗai ta kama.

Tsarin da tarihi ya bar mana

Abin da likitan dabbobi ke yi a yau tarihin nan ne a taƙaice, kuma jerin yana da dalili. Da farko ana taje gashin da mataji mai ƙananan haƙora a kan jiƙaƙƙiyar farar takarda. Idan baƙaƙen ɗigon da suka zuba sun narke sun yi ja, kashin ƙuma ne, wato busasshen jini. Sai a kankaro fata a kuma ɗebo dattin kunne a duba a madubi, aikin Renucci da Hering ke nan. Sai a nemi makero da fitila ta musamman ko ta hanyar shuka gashin a ɗakin gwaji, domin fitilar ba ta kama kowane iri. Ko ba a ga komai ba, ana ba duk dabbobin gidan maganin ƙuma na tsawon watanni a ga ko susar za ta lafa. Idan ba ta lafa ba, sai a koma abinci: nau'in nama guda da kyanwar ba ta taɓa ci ba, na kimanin mako takwas, ba tare da ko loma ɗaya ta wani abu ba. Bayan wannan ne ake zargin ƙura da ƙwayoyin furanni. Damuwa ita ce ta ƙarshe a layi.

Magunguna ma sun zo a makare. Ivermectin, wanda aikin Satoshi Omura da William Campbell ya samar, ya shiga kasuwa a 1981 a matsayin maganin dabbobi, ya kuma kai su ga lambar Nobel a 2015. Magungunan ƙuma na ɗigawa a bayan wuya sun yaɗu ne a shekarun 1990. Amma akwai tarko a nan. Permethrin, wanda shi ne man shafawar da ake ba mutum mai ƙazwa, kuma yana cikin wasu magungunan karnuka, guba ne ga kyanwa: yana jawo karkarwa da farfaɗiya, har ya kai ga mutuwa. Hantarta ba ta iya sarrafa wasu sinadarai kamar tamu, kuma shi ne dalilin da ƙwayar farasitamol ɗaya ke iya kashe ta. Baƙin mai da fiya-fiya kuwa, duk abin da aka shafa wa kyanwa a jiki, cikinta zai ƙare.

Ƙazwar mutum, wadda aka san dalilinta tun 1687, har yanzu tana addabar fiye da mutum miliyan 200 a kowane lokaci, kuma sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Duk wanda ya san makarantun kwana da ɗakunan da yara ke cunkushe a garuruwanmu ya san ba labarin nesa ba ne. Sanin dalili bai isa ba idan maganin bai kai ga duk masu kwana ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya ba, kuma ƙa'idar ɗaya ce ga mutum da dabba.

Ranar da na kai kyanwarmu asibitin dabbobi, likitar ta saurari duk bayanan da na tattaro daga maƙwabta, sannan ta ɗauko mataji da farar takarda ta yayyafa mata ruwa. Ba a yi minti biyu ba ɗigon suka yi ja. Ta duba makero saboda yarinyar, ba ta same shi ba. Muka yi wata uku muna ɗiga magani, muna wanke shimfiɗa, muna share tsagogin ɗaki. Gashin cikinta ya dawo kafin damina.