Tsakanin Ƙari da Daji: Wane Suna Ya Dace da Desmoid?

A Kafanchan, inda Fantswam, Bajju, Atyap, Ham da Hausa-Fulani ke haɗuwa a kasuwa da asibiti, galibi da Hausa majiyyaci ke faɗin ciwonsa, likita kuwa ya rubuta da Turanci. Wanda ya taɓa cikinsa ya ji wani abu ya dunƙule yana da kalmomi ƙalilan: kumburi, ƙullutu, ƙaba, ƙari ko daji. Kowacce da inda take tura mai ita. Mai ƙaba zai nemi likitan fiɗa, mai kumburi ya sha jiƙo ya jira, wanda aka ce wa daji kuwa sau da yawa sai ya fid da rai. Amma akwai wani ciwo da babu ɗayarsu da ta zauna masa daidai, shi ne desmoid.

A 1832 wani likitan fiɗa na birnin Gilasgo, John MacFarlane, ya bayyana shi a bangon cikin mata bayan haihuwa. A 1838 Bajamushe Johannes Müller ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci "desmos", wato maɗauri, domin idan aka tsaga shi fari ne, mai tauri kamar agarar sa. Ke nan kamanninsa sunan ya faɗa, bai ce komai game da halinsa ba.

Sunansa na biyu, fibromatosis, shi ya fi kawo ruɗani, don kunne na iya jin sa kamar fibroid, ƙarin mahaifar da matan yankin suka sani sarai. Alhali gidansu daban. Ƙarin mahaifa daga tsokar mahaifa yake fitowa, kuma ya zama ruwan dare. Desmoid kuwa daga tantanin da ke lulluɓe tsoka yake tsirowa, misali a bangon ciki, ko can ciki a tantanin da ke riƙe hanji, kuma mutum 2 zuwa 4 kacal yake kamawa cikin miliyan ɗaya a shekara. Ya fi samun mata masu shekarun haihuwa, wani lokaci a kan tabon tiyatar cire jariri, inda ake iya ɗaukar sa ƙaba.

To daji ne? Abin da ya sa ake tsoron daji shi ne yaɗuwa: ya tashi daga mama ya sauka a huhu ko hanta. Desmoid ba ya yin haka. Sai dai kiran sa ƙari kawai ma rage masa hatsari ne, domin ba shi da iyaka tsayayya, kutsawa yake yi cikin naman da ke kewaye da shi, har ya iya toshe hanji ko bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye shi a tsakiya: mai ɓarna a inda yake, marar yaɗuwa.

A nan ne suna ke iya cutarwa. Jama'a sun daɗe suna cewa daji ba ya son ƙarfe, zancen da ya hana mutane da yawa zuwa asibiti sai da lokaci ya ƙure. Su ma likitoci a yau ba sa gaggawar yanke desmoid, amma dalilinsu daban ne: yakan dawo bayan tiyata, kuma kusan ɗaya cikin biyar yakan ragu da kansa. Matsayar da masana suka fitar a 2020 ita ce a fara da sa ido, ana maimaita hoton MRI bayan 'yan watanni. Idan yana girma ko yana zafi, akwai magunguna irin su sorafenib, da nirogacestat wanda Amurka ta amince da shi a Nuwamba 2023. Saboda haka in likita ya ce ba za a yanka ba, ba sallama ya yi ba, ranar dawowa asibiti ita ce maganin.

Hoto kaɗai ba ya raɗa wannan suna. Ana iya fara ganin dunƙulen a asibitin da ke Kafanchan, amma sai an ɗebi ɗan yanki da allura an auna a ɗakin gwaji, irin na asibitocin koyarwa na Jos ko Shika. Idan ya tabbata, musamman in can cikin ciki yake, ana duba babban hanji, domin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu shi suna da wata cutar gado da ke fito da ƙananan tsiro a hanji, wadda ita kam takan rikiɗe ta zama daji.

A ganina "ƙari mai naci" ya fi faɗin gaskiyarsa: ba ya yawo, amma ba ya sakin wuri da sauƙi. Ma'aikatan lafiyarmu su riƙa bayyana shi haka. Kai kuma mai karatu, duk sunan da aka ba ciwonka, ka nemi a rubuta maka shi a takarda, sannan ka tambaya: yana yaɗuwa, kuma yaushe zan dawo?