Gatarin Kaka da Itacen Birnin Kano

A zauren gidanmu da ke cikin ganuwa akwai wani tsohon gatari da kakanmu ya bari. An sauya masa ƙota ya fi a ƙirga, amma ƙarfen na nan daram, kuma har gobe da shi ake faskare idan sha'anin biki ya taso. Duk sa'ad da aka ce gatari ne ya cinye itatuwan ƙasar Kano, sai in tuna da shi, domin tarihi bai goyi bayan wannan zargi kai tsaye ba.

Ƙarfe dai tsohon abu ne a Kano. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narka tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma Abagayawa, maƙeran asali na birnin, suna danganta kansu da wani maƙeri da ya zo daga Gaya neman tama. Bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, sannu a hankali maƙera suka koma ga tsofaffin ƙarafa, har narka tama ya mutu. Sigar gatarin kuwa ba ta sauya ba: ana huda kan ƙotar, a cusa wutsiyar ƙarfen a ciki. Kowane sara yana ƙara danna ƙarfen cikin ramin, shi ya sa ba ya bukatar ƙusa. Idan ƙota ta tsage, sai a sassaƙa wata.

To, ina itacen yake fitowa? Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shigo da itace birni da rani, su koma ƙauye ɗauke da taki da tokar murhu. Wato abin da birni ya ƙona yana komawa gona. Itatuwan gona kuma suna da masu su. Manomi ba ya kayar da ɗorawa ko tsamiya ko gawo haka kawai, tunda yana cin moriyar 'ya'yansu da ganyensu. Rassa yake sarewa, bishiyar ta yi toho, bayan 'yan shekaru ya sake dawowa. Shi ma gatarin yana da iyakarsa: mai sara da hannu sai ya yi tunani kafin ya tunkari gindin ƙatuwar kirya.

A 1990 Mortimore da abokan aikinsa, ciki har da malaman Jami'ar Bayero, suka wallafa bincike kan itacen girki a Kano. Sun kwatanta hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama da ƙidayar bishiyoyi a gonaki, suka tarar itatuwan gonakin da ke kewaye da birni ba su ragu ba, duk da yawan jama'a. Sai dai sun ga wani sauyin: mafi yawan itacen da birni ke ƙonawa ya koma zuwa a manyan motoci daga dazuzzuka masu nisa, inda bishiya ba ta da mai tsaronta.

A nan matsalar take a yau. Injin yanka katako yana kayar da marke cikin mintuna, buhunan gawayi kuma suna ƙaruwa a kasuwa duk lokacin da gas ya yi tsada. Yin gawayi a ramin gargajiya yana asarar fiye da rabin zafin da ke cikin itacen tun kafin ya kai murhu. Saboda haka idan ka tsaya sayen ƙullin itace a unguwa, tambayi mai shi daga ina aka kawo, kuma rassa aka sare ko gindi.