KWALEJIN KATSINA: AN NEMI MASU BIYAYYA, AN SAMU MASU TAMBAYA

Duk mutumin Agye, Gazawa ko Gidan Rumji da ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya shiga birnin Katsina, to ya nemi tsohon kwaleji ya gani. Ginin ƙasa ne, yau kayan tarihi ake ajiyewa a ciki. A nan ne Turawan Ingila suka soma koyar da samari aikin malanta a 1921, gwamnansu Hugh Clifford ya zo ya buɗe wurin a 1922.

Maza zalla ake ɗauka, kaɗan-kaɗan daga larduna daban-daban. Nufin Nasara a fili yake: yaro ya iya Ingilishi da lissafi, ya koma garinsu ya koyar, ya bi sarkinsa sau da ƙafa.

Komawar kam sun koma. Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya kama koyarwa a Midil ta Sakkwato. Abubakar Imam ya gama a 1932 ya koyar a Midil ta Katsina, daga baya ya rubuta Magana Jari Ce, ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a 1939. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya koma Bauci a 1933.

Wajen biyayyar ne lissafi ya ƙwace. Ka tara Basakkwace da Babarbare da Bafilace ɗaki guda shekara da shekaru, kowa na jin yadda ake mulki a garin ɗan'uwansa, ga littafi a hannu, ai dole a gwada wannan da wancan. Mu ma muna ganin haka a ajin manya: ran da manomi ya iya karanta lambar sikeli da kansa, ran nan yake fara tuhumar mai awon gyaɗa.

A 1938 aka ɗauke makarantar zuwa Kaduna, inda Aminu Kano ya gama a 1942, aka tura shi Bauci. Can ya haɗu da Ɓalewa da Sa'adu Zungur, wanda shi ma ɗan kwalejin ne. A 1943 aka kafa taron tattaunawa a garin, malamai da ma'aikatan En'e suna muhawara a kan al'amuran ƙasa. Wata rana Malam Aminu ya tambaya: da wane ma'auni ake yanka wa sarki albashi? Ba a daɗe ba aka rufe taron. Shi kansa Ɓalewa, mai sanyin hali, ya miƙe a majalisar Kaduna a watan Agusta 1950 ya ce lalle a gyara mulkin En'e, a san matsayin talaka a cikinsa.

Sai dai kada mu cika yabo. Ƴaƴa mata ba su taka ƙofar nan ba, kuma yawancin ƴaƴan talakawan ƙauye ko labarinta ba su ji ba.

A 1949 aka mai da makarantar Zariya. Tun 1971 sunanta Kwalejin Barewa.